Rahoton Kwamiti Kan Gyara da Faɗaɗa Gidan Kallon Taurari na Griffith, 2002 zuwa 2006

Ya Shugaba da sauran 'yan uwa, an ɗora wa wannan kwamiti nauyin ya duba wani aikin gyaran gidan ilimin kimiyya da aka riga aka kammala, ya bayyana abin da aka gina, da inda kuɗin ya fito, da kuma yadda aka zauna da waɗanda suka bayar. Kwamitin ya zaɓi gidan kallon taurari na Griffith, wanda yake bisa gangaren kudu na tsaunin Hollywood a birnin Los Angeles na jihar Kalifoniya a Amurka. An rufe gidan ranar 6 ga Janairun 2002, aka sake buɗe shi ga jama'a ranar 3 ga Nuwamban 2006, bayan an kashe dala miliyan 93. Abin da ya ja hankalin kwamitin shi ne, duk da yawan hannayen da suka zuba kuɗi a aikin, ba a taɓa sharaɗin mutumin da ya fara bayar da kyautar ba, wato kowa ya shiga ba tare da ya biya ko sisi ba.

Asalin kyautar da sharaɗinta

Ba za a fahimci gyaran ba sai an san mai kyautar farko. Griffith J. Griffith ɗan asalin Wales ne wanda ya yi arziki ta hanyar ma'adinai da filaye, kuma a watan Disamban 1896 ya ba birnin Los Angeles fili mai faɗin eka 3,015 domin ya zama wurin shaƙatawar jama'a. Sai dai a 1903 ya harbi matarsa a wani otal da ke Santa Monica. Matar ta rayu amma ta rasa ido ɗaya, shi kuma ya yi zaman kaso na shekara biyu a kurkukun San Quentin. Saboda haka da ya dawo a 1912 da tayin dala 100,000 domin a gina gidan kallon taurari, hukumomin birnin sun yi ta jan ƙafa, don mutane da yawa suna ganin yana neman ya wanke sunansa ne da dukiya. Har ya rasu a 1919 ba a aza tubali ko ɗaya ba. Wasiyyarsa ce ta cika burin, domin ya bar dukiya a hannun amintattu, ya kuma fayyace abin da yake so: madubin hangen nesa da talaka zai sa ido a ciki, zauren nuna kayan kimiyya, da ɗakin nuna majigin ilimi.

Mai karatu zai ga kamannin wannan da wakafi, inda dukiya take tsayawa a kan manufar da mai ita ya ambata ko bayan ransa. Amintattun ma sun gamu da irin tambayar da masu kula da wakafi suke gamuwa da ita, domin bayan rasuwar Griffith kamfanin Zeiss na Jamus ya ƙera na'urar da ke haska siffar sararin sama a cikin ƙubba, abin da bai taɓa gani ba balle ya rubuta a wasiyya. Suka duba manufarsa, suka mai da ɗakin majigin ya zama ɗakin nuna sararin sama, wato filanetariyom, na uku a duk Amurka. An fara gini a watan Yunin 1933 bisa zanen John C. Austin da Frederic M. Ashley, aka buɗe ranar 14 ga Mayun 1935, aka kuma miƙa wa birnin ya ci gaba da gudanarwa.

Halin da ginin ya shiga

Kafin a rufe shi, mutane kimanin miliyan 70 sun taka dakalin gidan a cikin shekara 67, kuma a duk tsawon lokacin ba a taɓa yi masa babban gyara ba. A nan aka koya wa matuƙan jirgin sama bin hanya da taurari a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a nan kuma aka horar da 'yan sama jannatin shirin Apollo na zuwa duniyar wata a shekarun 1960. Amma wayoyin lantarki da famfuna sun tsufa, bangon kankare ya sha fenti a kan fenti, na'urar Zeiss da ke cikin ƙubba tun 1964 take aiki, kujerun ɗakin kuwa sun yi ƙaurin suna wajen sa wa mutum ciwon wuya. Ga ƙuncin wuri, domin faɗin ginin gaba ɗaya bai wuce ƙafa murabba'i 27,000 ba, alhali masu ziyara sun kusa miliyan biyu a shekara.

Abin da aka yi

Matsalar da masu zanen gini suka fara fuskanta ita ce, mutanen birnin sun san fuskar wannan gini daga nesa, da farin bangonsa da ƙubbobinsa uku na jan ƙarfe, kuma ba wanda zai yarda a jingina masa wani sabon gini ya ɓata masa siffa. Kamfanin Pfeiffer da na Brenda Levin, wadda ta shahara wajen raya tsofaffin gine-ginen Los Angeles, suka daidaita a kan a nemi filin a ƙarƙashin ƙasa. Aka haƙe farfajiyar gaba, aka gina manyan zaure a cikin ramin, sannan aka mayar da ƙasa da ciyawa a sama kamar ba a taɓa ba. Mafi haɗari a aikin shi ne haɗa sabon ginin da tsohon, domin sai da aka ɗora wani sashe na tsohon ginin a kan jak-jak masu aiki da mai, aka ɗaga shi ɗan kaɗan daga harsashinsa, aka haƙa a ƙarƙashinsa, aka zuba sabon tushe, kana aka sauke shi. A ƙarshe an ƙara ƙafa murabba'i kusan 40,000, faɗin gidan ya kai 67,000, amma wanda ya tsaya a farfajiya yana duban ƙofar shiga ba zai ga bambanci mai yawa da abin da aka gani a 1935 ba.

A cikin tsohon ginin, an kankare tsohon fenti daga bango, an wanke zane-zanen Hugo Ballin da ke rufin zauren tsakiya, an kuma bar lilon Foucault a wurinsa, wato ƙwallon nan mai nauyin fam 240 da ke rataye yana kai da komo domin nuna cewa duniya tana juyawa. Madubin Zeiss mai faɗin inci 12 da ke ƙubbar gabas, wanda miliyoyin mutane suka leƙa, shi ma yana nan daram. Ɗakin nuna sararin sama ne aka yi wa sabon zubi: an cire tsohon rufin ciki na filasta, an sa na alminiyom mai ƙananan huji, an kawo sabuwar na'urar Zeiss samfurin Mark IX daga Jamus, an rage kujeru daga sama da 600 zuwa kusan 300 domin mutum ya kishingiɗa ya kalli sama ba tare da wahala ba. A ƙasa kuma an samu sabon ɗakin lacca mai kujeru kusan 200, da wurin cin abinci, da kantin littattafai, da wani bango mai tsawon ƙafa 152 da tsayin ƙafa 20 wanda aka lulluɓe da hoton wani yanki na sama a kan faranti 114 na tangaran. Yankin da hoton ya ɗauka ɗan ƙarami ne ƙwarai, domin yatsa ɗaya zai rufe shi idan mutum ya ɗaga shi a gaban idonsa, shi ya sa aka ajiye mutum-mutumin Albert Einstein a gaban bangon yana zaune ya ɗaga manuniya.

Inda kuɗin ya fito da yadda aka zauna da masu bayarwa

Gidan mallakar birnin ne, ƙarƙashin hukumar kula da wuraren shaƙatawa, kuma attajiri ba ya cika son ya zuba kuɗinsa a baitulmalin hukuma inda zai iya narkewa cikin wasu hidimomi. Wannan giɓi ne ƙungiyar abokan gidan, wadda a lokacin ake taƙaita sunanta da FOTO, ta cike. An kafa ta a 1978, tsakanin daraktan gidan, Dakta E. C. Krupp, wanda yake kan kujerar tun 1974, da wasu daga zuriyar Griffith. Ƙungiya ce mai zaman kanta wadda ba ta neman riba, saboda haka tana iya karɓar gudummawa, ta ware ta ga abin da mai ita ya ambata, ta kuma ba shi bayani. Kwamitin ya lura da tazarar da ke tsakanin 1978 da 2002: shekara 24 ƙungiyar ta yi tana tara mambobi, tana shirya musu lacca da daren kallon taurari, kafin ranar babbar buƙata ta zo. Da lokacin ya yi, ba baƙi aka je wa da ƙoƙon bara ba.

Kaso mafi tsoka na dala miliyan 93 daga aljihun jama'a ya fito, musamman ta hanyar kuɗaɗen raya wuraren shaƙatawa da masu jefa ƙuri'a suka amince da su a shekarun 1990, sannan gidauniyoyi da ɗaiɗaikun mutane suka cika sauran. A ganin kwamitin wannan jeri yana da muhimmanci. Mai hannu da shuni ya fi sakin jiki idan ya ga an riga an tanadi kuɗin haƙa da kankare da wayoyi, waɗanda ba wanda yake sha'awar a liƙa sunansa a kansu, shi kuma ana neman ya ɗauki abin da ido zai gani. Haka kuwa aka yi. Zauren tsakiya ya ɗauki sunan gidauniyar W. M. Keck, zauren nazarin sama ya ɗauki sunan Ahmanson, ɗakin laccar ƙasa kuma aka sa masa sunan ɗan wasan fim Leonard Nimoy, wanda shi da matarsa suka ba da dala miliyan ɗaya. Ɗakin nuna sararin sama ya zama na Samuel Oschin, ɗan kasuwar da ya rasu a 2003 ana tsakiyar aikin, gidauniyar iyalinsa ta ba da gudummawar. Ba a yi wannan zaɓi da ka ba, domin akwai madubin hangen nesa mai inci 48 a tsaunin Palomar na jihar Kalifoniya da tun tuni yake ɗauke da sunan Oschin, kuma da shi aka ɗauki hotunan da aka haɗa aka yi babban bangon tangaran. An nemi mutumin da abin yake ransa tun asali.

Ba kuɗi kaɗai aka karɓa ba. Wata daga cikin jagororin ƙungiyar ta shafe shekaru tana tara 'yan kunne da sarƙoƙi da maɓallai masu siffar rana da wata da taurari, sama da guda 2,000, ta ba gidan. Maimakon a yi godiya a kulle su a akwati, sai aka jera su a bangon doguwar hanyar da ke gangarawa zuwa sabon sashe, suka zama zaren da ke nuna tarihin halitta tun farkonta har zuwa zamaninmu. Kwamitin yana ganin wannan ya fi kowace takardar yabo daraja a wurin mai bayarwa.

Akwai iyaka kuma da aka tsare. Sunayen masu gudummawa sun tsaya a kan ɗakuna da zaure, sunan gidan bai canza ba, mallakarsa ba ta bar hannun birnin ba, ƙofarsa kuma ba a sa mata kuɗi ba. Ana sayen tikiti ne kawai domin kallon shirin da ake nunawa a cikin ƙubba. Wasu daga cikin mambobin wannan kwamiti sun nuna rashin jin daɗi da yawan sunayen, suna cewa yaro ba zai taka ko'ina ba sai ya karanta sunan wani attajiri, alhali masu biyan haraji da suka ɗauki mafi nauyin kayan ba su da allo. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma kwamitin ya rubuta ta kamar yadda aka faɗa, ko da yake mafi rinjaye sun ga cewa allo a bakin ɗaki farashi ne mai sauƙi idan aka gwada da sa wa ɗalibi kuɗin shiga.

Tsawon shekarun da gidan yake rufe, ba a bar jama'a da mambobi su manta da shi ba. An buɗe wani ƙaramin wuri na wucin gadi kusa da gidan namun dajin birnin, a cikin filin Griffith ɗin dai, inda aka ci gaba da karɓar masu ziyara da nuna musu sama da madubi. Wanda ya ba da kuɗi a 2002 kuma bai ga ƙofa a buɗe ba sai ƙarshen 2006 yana buƙatar abin da zai riƙa gani a tsakani.

Inda aka samu tangarɗa

Buɗewar ba ta zo babu ƙorafi ba. Saboda tsoron cunkoso a kan tsaunin da ƙarancin wurin ajiye mota, an hana masu ziyara hawa da motocinsu, aka ce sai mutum ya yi rajistar lokaci tukuna, ya kuma shiga motar safa ta musamman wadda ake biya. Mutane da dama sun ce wannan kuɗin shiga ne aka sauya wa suna, kuma ya saɓa wa ruhin wasiyyar Griffith, ko da yake mai zuwa a ƙafa ko a keke ba ya biyan kuɗin motar. Kwamitin yana ganin masu ƙorafin suna da hujja, domin iyali mai yara biyar ba ruwansa da sunan da aka ba kuɗin, abin da ya fita daga aljihunsa yake lissafawa. An ci gaba da wannan tsari har kusan shekara guda, sannan a watan Nuwamban 2007 aka soke rajistar, aka sake buɗe hanyar tsaunin ga motocin jama'a.