Fayil ɗin Inna ba sirrin gwamnati ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Makon jiya na raka mahaifiyata wani ofishi a nan Sakkwato domin ta duba fayil ɗinta na fansho, saboda an yi kuskure a shekarar haihuwarta. Ma'aikacin ya ce wai sirrin gwamnati ne. Shekarun tsohuwa ne sirri, a ɓoye mata su?

Dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu, ta ba kowa ikon neman kwafin bayanansa da ke hannun hukuma, ya kuma sa a gyara kuskure. Har hukumar karɓar ƙorafi dokar ta kafa.

Ranar Litinin za mu koma in sha Allah, da buƙatarmu a rubuce.

Naka,
Mai karatu daga Mabera, Sakkwato