A yi hattara kafin a zuba baƙon kifi a ruwanmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini. Ni ɗan masunta ne daga Yauri, ko da yake alli ya raba ni da jirgi tun ina saurayi, na yi shekara 31 ina koyarwa a firamare kafin in aje aiki. Abin da ya sa na ɗauki biro wata gardama ce da ta tashi a teburin mai shayi makon jiya. Wasu samari masu kiwon tarwaɗa a tanki suka ce tunda manyan kifaye sun yi wuya, gwamnati ta sayo irin kifin waje mai saurin hayayyafa ta zuba a Kainji da Bakalori har da kogin Matan Fada na Argungu, masunta su samu, gasar Argungu ma ta samu abin nunawa. Ɗan ƙanena na cikinsu. Ya zaro waya ya nuna mana wani kifin Amurka da suke kira kirafi, mai faɗi kamar karfasa, jikinsa ɗigo-ɗigo, ya ce mace ɗaya tana zuba dubban ƙwai a shekara.

Bai yi ƙarya ba. Abin da bai karanta ba shi ne masu kifin da kansu tsoronsa suke yi. A Amurka akwai tafkunan da ake renonsu musamman don a kama ƙaton wani kifi mai suna bas, a auna, a ɗauki hoto, sau da yawa ma a mayar da shi ruwa. Kirafi yana da daɗin nama, don haka kullum akwai mai cewa a haɗa su wuri ɗaya a ci riba biyu. Masanan kifinsu kuwa sun daɗe suna gargaɗin kada a sa shi a ƙaramin tafki. Haihuwarsa ba ta da lissafi: bana shiru, baɗi ruwa ya cika maƙil. Idan ya taso, ƙananan kifayen da bas ke dogaro da su shi ma su yake ci. Kafin a shawo kansa sai an bar tarin ƙananan bas mayunwata suna cinye 'ya'yansa, alhali mai neman ƙato so yake bas su zama kaɗan, abinci ya yi musu yawa. Ka ga ba a gudu ana susar takashi. In an yi sake, a wayi gari da dubban kirafi tsumburarru, ƙaton da aka gina tafkin dominsa kuma ya rame. (Ƙaton nasu fa, wanda aka kama a jihar Jojiya a 1932 ake ta ambatonsa har yau, kilo 10 ne da ɗan ɗoriya. Kifin da ya ci gasar Argungu a 2020 kilo 78 ne.)

Ban taɓa ganin kirafi ido da ido ba, amma na san halinsa, domin na yi wannan wautar da hannuna. A 2011 na tare wani gurbi da aka haƙi ƙasar bulo a bayan gidana, na sayo 'ya'yan karfasa 300, maza da mata a cakuɗe, na zuba. Dusa nake ba su safe da yamma. Ruwan kuwa sai motsi yake, ina ta lissafin kuɗi a raina. Bayan wata takwas muka ja taru. Abin da ya fito ya fi ƙarfin daro uku, amma da ƙyar ka sami wadda ta wuce faɗin yatsa uku. Kai ƙato, ido ƙuru-ƙuru, jiki kamar an goge da dutsen guga. Na ɗauki wata da ba ta kai tsawon ɗan alina ba, na matsa kumatunta, sai ga ƙwai rawaya cike da bakinta. Ita ma uwa ce! Mai ɗakina ta leƙa daron ta ce ita dai ba za ta ɓata wuƙarta a kan ƙaya ba, a kai wa kaji.

Kawuna, Allah ya jiƙansa, ya zo ya tsuguna bakin gurbin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai ɗan boko, ka tara talakkawa ba ka naɗa musu sarki ba." Washegari ya aiko mini da tarwaɗa 'yan ƙalilan ya ce in saka. Suka rage 'ya'yan, shekara ta zagayo na fara ganin karfasar da za a iya sa wa baƙo a faranti. Gurbina dai in abin ya ƙi, sai in sa injin in zuƙe ruwan in sake sabon lale. Wa zai zuƙe Kainji?

Wanda ke ganin tatsuniyar tsoho ce ya tambayi mutanen Yuganda da Kenya da Tanzaniya. A shekarun 1950 aka zuba giwan ruwa a tafkin Biktoriya, giwan ruwan nan namu da muke kirari da shi, amma can baƙo ne. Ya yi lamo kusan shekara talatin, sannan ya mamaye tafkin, nau'o'in ƙananan kifaye kimanin 200 suka ɓace. An samu kuɗin fitar da namansa Turai, ban musa ba. Sai dai kifin da talaka ke shanyawa a rana ya tafi, shi kuma giwan ruwa mai maiƙo ne, sai an yi bandarsa, aka faɗa wa itatuwa da gatari. A Japan kuwa, wani kifin Amurka ɗan uwan kirafi mai suna bulugil, yarima Akihito ne ya kai shi ƙasar a 1960, kyauta daga magajin garin Shikago. Ya watsu ya addabi kifayen gida, har a 2007, yana kan sarauta, ya fito fili ya nuna takaicinsa.

Mu iri bai ƙare mana ba. Muna da giwan ruwa da yauni da bargi da ragon ruwa da tsage da kurungu, duk sun san farin ruwan damina mai laka da baƙin ruwan da ke iso mana da sanyi. Abin da ya ƙare shi ne haƙuri. Ka je bakin ruwa da asuba ka ga ana jan raga mai ido kamar gidan sauro, tana kwaso ɗan giwan ruwan da bai kai tafin hannu ba, a soya a sayar a faranti. Wani kuma ya zuba gubar gamalin cikin dare ya kashe babba da yaro. Kifin da za a ce mutum huɗu su ɗauka shekaru yake yi yana cin ƙanana kafin ya kai haka. Mutanen Argungu sun san wannan tun kafin 1934 da aka fara bikin: Sarkin Ruwa ke hana taɓa Matan Fada sai ranar da aka ba da izini a faɗa da homa da gora.

Roƙona ga hukumomin Kebbi da Zamfara, duk kuɗin da za a kashe kan baƙon iri a ba sarakunan ruwa ƙarfin kama masu ƙaramar raga da masu guba, a keɓe wuraren haihuwa lokacin cikar ruwa. In har dole sai an zuba, a zuba namu, kuma a fara jin ta bakin cibiyar binciken kifi da ke Sabuwar Busa. Jami'in da ke son ganin abin da nake faɗa kuwa, gurbina na nan, jikokin karfasar 2011 na ciki. Ya taho da tarunsa, nawa ɓeraye sun cinye.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Yauri, Jihar Kebbi.