Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga gidan abincin da ya sayar mini da kifin kwali da sunan giwan ruwa

Zuwa ga Alhaji mai gidan abinci da manajansa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ina rubuto muku wannan takarda a bainar jama'a ne domin hanyar sirri ta gagara. Sau biyu ina zuwa neman manaja ana cewa ya fita. Na bar lambar wayata wajen yarinyar da ke karɓar kuɗi, yau mako uku ke nan ko filashin ba a yi mini ba. Na so in bar kaza cikin gashinta, to amma kazar ma tana cikin abin da ya kawo ni. Ban ambaci sunan gidanku ba, don gyara nake nema, ba karya muku kasuwa ba.

Ranar wata Juma'a bayan sallar isha'i na zo gidanku da ƙanena da kuma surukina, mahaifin matata, wanda ya taso daga Argungu don ya ga jikansa. Na ce bari in fita kunyar dattijo, in kai shi wuri mai sanyi da fitilu ya ci abin da ya fi so. A takardar jerin abincinku an rubuta gasasshen giwan ruwa na gulbi, naira 18,000. An rubuta farfesun zabon daji. An rubuta shinkafa da jatan lande. Muka ce a kawo duka ukun.

Alhaji, wanda na kawo muku Basarke ne, ɗan Basarke. Tun yana yaro yake shiga gulbin Matan Fada na Argungu yana su da gora da koma. Da aka ajiye faranti a gabansa bai ko kai hannu ba, sai da ya daɗe yana kallon kan kifin. Daga nan ya gutsuri kaɗan, ya tauna, ya dube ni ya ce, "Wanga kihi bai taɓa shan ruwan gulbi ba." Na ce, "Baba, giwan ruwa ne suka rubuta." Ya yi murmushi kawai ya jawo kofin ruwa. Wanda ya san kunyar suruki ya san abin da na ji a lokacin. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Daga baya, a mota, ya yi mini bayani dalla-dalla. Giwan ruwa bakinsa faɗi ne da shi, leɓen ƙasa ya ɗan zarce na sama. Tsokarsa fara ce mai kauri, tana ɓarewa fale-fale, ba ta da tarin ƙananan ƙayoyi, kuma idan sabo ne ko an gasa shi yana riƙe da danshinsa. Abin da kuka kawo kifin teku ne, irin wanda ake kira kuroka, da ke zuwa a daskare cikin kwali. Tsokarsa ta saki, ta yi ruwa-ruwa kusa da ƙashi, alamar ya narke an sake mayar da shi firiza, wataƙila ba sau ɗaya ba. An dai lafta masa yaji da citta da magi don su rufe asiri.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba ni da faɗa da kifin ƙanƙara. A gidana ana cin titus, yara ma sun fi son shi da biredi. Halal ne, abinci ne, talaka na samun sauƙi da shi. Faɗana da sunan da kuka ba shi ne, da kuɗin da kuka karɓa a kan wannan suna. Kuma abin takaici, a ina? A Sakkwato, garin da gulbin Rima da gulbin Sakkwato suka haɗu a gefensa. Ga dam ɗin Goronyo, ga tafkin Kware, ga fadamar Wurno, ga Yauri can bakin Neja inda ake lodin kifi ɗanye da banda. Argungu kuwa ba ta kai tafiyar awa biyu ba daga nan, garin da tun 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ake bikin kamun kifin da duniya ta sani, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. A nan ne za a kawo wa mutum kifin kwali a ce masa giwan ruwa? Idan giwan ruwa ya yi wuya ko ya yi tsada, ai akwai tarwaɗa, akwai ragon ruwa, akwai karfasa da kurungu, ga balli. Ku dafa wanda kuka samu, ku kira shi da sunansa. Wallahi farfesun tarwaɗa mai rai da aka yanka a gabanka ya fi wannan abin da kuka gasa sau goma.

Sai zabon daji. Wannan ko ni da ba mafarauci ba na gane. Naman zabo duhu ne da shi, ba kitse, ƙashinsa siriri mai tauri. Abin da ke cikin kwanon farin nama ne, ga kitse rawaya yana yawo a saman romo. Tsohuwar kazar gidan gona ce da ta gama ƙwai. Na kira yaron da ke hidima na tambaye shi, ya ce, "Yallaɓai, haka aka kawo muna." Ban ga laifinsa ba, yaro ne mai ladabi, kuma ba shi ya rubuta takardar ba.

Amma a nan akwai maganar da ta fi kuɗi nauyi. Da a ce da gaske na dajin ne, wa ya harbo shi? Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya ji babin farauta da yanka ya san akwai sharuɗɗa: mafarauci ya ambaci sunan Allah lokacin da zai saki harbi ko kare, idan kuma ya tarar da dabbar da sauran rai sai ya yanka ta. Kifi ba ya bukatar yanka, naman tudu kuwa dole. Na ga kuna rubuta zomo da fakara a wasu ranaku. Wanda zai sayar wa Musulmi naman daji ya kamata ya iya cewa daga hannun wane ya fito, ga yadda aka yanka. Idan amsar ita ce "haka aka kawo muna", to mun zama masu cinikin biri a sama.

Jatan landen ƙanena ya ci, don shi mai son abin 'yan birni ne. Tun a teburi ya ce yana jin wani ɗan wari mai hawa hanci. Kafin asuba amai da gudawa sun kayar da shi, sai da aka ƙara masa ruwa leda biyu. Ba zan rantse cewa abincinku ne ba, tunda ba a kai shi ɗakin gwaji ba. Abin da na sani shi ne mu ukun tare muka ci abincin rana a gida, kuma shi kaɗai ya taɓa wannan farantin. Jatan lande daga bakin teku yake zuwa, tafiyar kusan kilomita 1,000, kuma ya fi kifi saurin lalacewa. A garin da zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ga wuta yau akwai gobe babu, wanda ba zai iya riƙe firiza da janareta dare da rana ba, bai kamata ya sa shi cikin jerin abincinsa ba.

Ga abin da nake nema. Ku gyara takardar nan: kifin teku a rubuta kifin teku, kaza a rubuta kaza, farashi ya bi sunan gaskiya. Ranar da babu giwan ruwa, yaro ya ce babu, ba wanda zai mutu. Ku mayar mini da bambancin kuɗin kifi da na zabo. Kuɗin asibiti na yafe, tunda ba ni da hujja. Na san akwai hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, kuma dokar da ta kafa ta ta hana sayar da kaya da siffar da ba tasa ba. Ban je can ba tukuna, don na fi son mu gama a tsakaninmu.

Rasit yana hannuna, da hoton farantin da ƙanena ya ɗauka kafin mu fara ci. Ranar Asabar bayan la'asar zan sake zuwa in Allah ya yarda, ina roƙon manaja ya zauna. Baba kuma ya ce in gaya muku, idan da gaske kuna son giwan ruwa, ku turo mai sayo muku kaya Argungu da sassafe, shi da kansa zai raka shi bakin ruwa.

Wassalam,
Wani mai sayen abincinku daga Mabera, Sakkwato