Zuwa ga abokan cinikinmu: maganar Injiniyan da kuke gani a ofis Talata da Laraba

Assalamu alaikum Alhazai da Hajiyoyi, iyayenmu da 'yan uwa masu sarin shinkafa wurinmu tun daga nan Birnin Kebbi har Jega, Argungu, Kamba, Yauri da Zuru, ya kasuwa ya iyali, da fatan kowa lafiya.

Da yawanku kun ga baƙuwar fuska a ofis kwanakin nan, har wata Hajiya da ke ɗaukar kaya zuwa Jega ta kira ni tana tambaya wai ko sayar da kamfanin munka yi. Ba mu sayar ba Hajiya, muna nan. Wanda kunka gani Injiniya ne da munka ɗauka ya shugabanci duk abin da ya shafi kwamfuta da manhaja da biyan kuɗi ta waya, irin muƙamin da manyan kamfanoni ke kira CTO, sai dai mu kwana biyu kawai a sati munka ɗauke shi. Tunda kuɗinku da bayananku ne ke bi ta hannunshi, haƙƙinku ne ku ji dalili daga bakinmu.

Kun tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi ɓatan dabo? Kafin nan yawancinku tsaba kuke kawowa, a ƙirga a rubuta a littafi shikenan. Cikin 'yan makonni kowa ya koma transfa da POS, wani ya turo daga akawun ɗin ɗanshi, wani daga na mai POS na bakin tasha, alat ya shigo da sunan da ba mu sani ba, ga sabis yana ɗaukewa, mota ta yi lodi tana jira a bakin sito mu kuma muna ta laluben waye ya biya waye bai biya ba. A lokacin ne anka shigo mana da alat na bogi, kuma abin da ya fi ci min rai shi ne akwai wanda ya biya kuɗinshi cif munka riƙe mishi kaya kwana biyu don mun kasa ganewa. Mun ba shi haƙuri, amma har yau abin yana raina.

Bayan nan mun ba wani kamfani kwangila ya yi mana manhajar lissafi, ba zan faɗi suna ba. Sai daga baya munka gane duk lambobin sirri suna hannunsu, ko ɗan gyara muke so sai mun biya mun jira, kuma lissafin bashin dillalai gaba ɗaya yana cikin kwamfuta guda, babu kwafi ko'ina. Da ta lalace ko an ɗauke ta, da me za mu kama?

Yaranmu biyu masu kula da wanga sashe ba su da laifi wallahi, ɗaya ya gama kwalejin fasaha ta Waziri Umaru ɗaya ya gama jami'ar Aliero, suna da hannu ƙwarai. Amma wace manhaja za a saya, wace yarjejeniya za a ƙi sa wa hannu, me zai faru idan oda ta ninka lokacin kaka, wannan sai wanda ya daɗe yana yi. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni kuma shinkafa na sani, in na damƙi shanshera na san ko ta bushe ko da sauran danshi, amma in an kawo min takardar kwangilar manhaja ban san inda tarko yake ba.

To me ya hana mu ɗauki Injiniyan gaba ɗaya? Kuɗi ne, ba ɓoye-ɓoye. Masu irin ƙwarewarshi Legas da Abuja ke riƙe su, wasu ma suna zaune gida kamfanonin waje na biyansu da dala. In munka ce sai mun biya cikakken albashi irin wannan, a kan farashin buhu zai hau, ku za ku biya. Kuma maganar gaskiya aikinmu bai kai a ce babban mutum ya zauna mana kullum ba, abin da muke buƙata shi ne wanda zai yanke shawara, ya tsara, ya duba aikin yara, su kuma su riƙe na yau da kullum. Sauran kwanakin yana aiki da wasu kamfanoni, mun tabbatar babu na shinkafa a ciki, kuma ya sa hannu a takarda cewa sirrin cinikinku ba zai fita ba.

Abu na farko da ya yi ya ba ni mamaki, bai ce a sayi komai ba. Zama ya yi da mai sito da direbobi da yarinyar da ke rubuta risiti yana tambayarsu yadda oda ke tafiya tun daga kiran waya har saukar kaya. Sannan ya karɓo lambobin sirri suka dawo sunan kamfani, ya sa ana ajiye kwafin lissafi kullum a wuri na biyu, ya rage yawan masu iya buɗe bayananku. Shi ya tunatar da mu akwai dokar kare bayanan jama'a da anka sa wa hannu a watan Yuni 2023, lambar wayarku da ta akawun amana ce da doka ma za ta tambaye mu a kanta.

Abin da zai canza wurinku kaɗan ne. Kowace oda yanzu tana da lamba, in za ku yi transfa ku rubuta ta a wurin bayani, ko daga akawun ɗin wa kunka turo za mu gane. Hoton alat kaɗai ba zai sa a yi lodi ba sai kuɗin sun bayyana wurinmu, don Allah kar wani ya ɗauka rashin yarda ne, kowa haka za a yi mishi har dangina. Akawun ɗinmu guda ne mai sunan kamfani, duk wanda ya turo muku wani ta WhatsApp ya ce mu ne, kar ku tura, ku kira ofis tukuna. Iyayenmu da ba su saba da waya ba kuma, littafi da risitin takarda suna nan ba za mu ɗauke su ba.

Injiniya ba kullum yake gari ba, in matsala ta taso ranar Asabar yaranmu ne za su fara tarbarku, in ta fi ƙarfinsu su kira shi. Mun yi da shi za mu zauna bayan wata shida mu duba ko tsarin ya yi, kuma kafin nan ina son jin naku, duk wanda ya ga abin ya ƙara mishi wahala ya same ni ofis bayan la'asar ko ya gaya wa direban da ke kai mishi kaya.

Mun gode, Allah ya sa albarka a kasuwa.

Naku,
Shugaban kamfani, a madadin dukkan ma'aikata
Birnin Kebbi