Bakanike ma ya cancanci kujerar kansila

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan wani matashi a mazaɓarmu, cikin ƙaramar hukumar Auyo, da ya fito neman kansila, wasu na ta yi masa dariya wai bakanike ne.

Ƙwarai bakanike ne. Injin ban-ruwa yake gyarawa a gindin darbejiya bakin kasuwa, hannunsa kullum dumu-dumu da baƙin mai. Ɗan manomi ne, ya gama sakandare kuɗin ci gaba suka gagara. Manoman rani sun san shi da "tafi da injinka, in ka girbe ka biya."

Ambaliyar 2022 ce ta tunzura shi, lokacin da kogin Haɗeja ya cinye shinkafar jama'a, har da ta mahaifinsa. Burinsa a riƙa cire kachala, wato ciyawar da ke toshe kogi, a yashe hanyoyin ruwa, a ɗaga jinga tun kafin damina, maimakon jiran rabon taliya bayan ɓarna.

Masu cewa talaka ne su tuna, da yawan 'yan jam'iyyar NEPU da suka bi Malam Aminu Kano a shekarun 1950 teloli ne da 'yan koli da manoma. Mu dai mun fara karo-karon kuɗin fam ɗinsa na takara. Roƙonmu ga shugabannin jam'iyya, don Allah a yi zaɓen fid da gwani a fili, kada a yi mana ɗauki-ɗora.

Naka,
Wani manomin rani daga Auyo, Jihar Jigawa