Akwatinka Ya Haɗiye Mini Fasfo

Mutumina,

Gaisuwa mai yawa. Ya iyali, ya aiki? Na san za ka ce sai da buƙata ta taso na tuna da kai, kuma ba zan musa ba. Wata huɗu ban ce maka uffan ba, yau ga ni ƙarfe ɗaya na dare ina rubutu a tsugune, don gado da kujera duk kaya sun cinye.

Tafiyar nan da muka shekara uku muna yi da fatar baki ta tabbata. Jibi da asuba za mu tashi, ni da Dogo da Ango da Malam. Ni na kawo shawarar kowa ya kwaso kayansa a haɗa a ɗakina, wai don a yi tsari. Da-na-sani ƙeya ce. Kuma kafin ka ji a bakin Dogo, gara ka ji a nawa: na ari baƙin akwatin nan naka da ka bari a wurina. Aron da mai abu bai sani ba, na san sunansa, ba sai ka faɗa ba.

Tikitinmu ya ba kowa kilo 23 a babban akwati, da kilo 7 a jakar hannu. Sai na samo sikelin nan da ake hawa. Ka hau ka ga nauyinka, ka sauko ka rungumi akwati ka sake hawa, sannan a debe. Da na rungumi na Dogo ya rufe mini fuska, sai da Malam ya kwanta rub da ciki yana karanto lambar. Kilo 31! Saura ɗaya ya kai 32, iyakar da in aka wuce ta yawancin kamfanonin jirage ke cewa a'a ko da za ka biya kuɗin ƙari, saboda lafiyar bayan masu ɗaukar kaya. Tafiyar kwana biyar fa. Muka buɗe: takalma ƙafa shida, da dutsen guga, wai shi bai yarda da na otal ba. Har da filo. Ni kuma sikelin ya tona mini asiri, Malam ya shelanta wa duniya cewa na ƙara kilo tara tun bayan tafiyarka. Kar ka soma dariya, na ga hoton da ka saka kwanan baya, maɓallin rigarka yana neman agaji.

Ango kuwa amarya ce ta haɗa masa komai, an nannaɗe kowace riga tsaf, shi kansa bai san abin da ke ciki ba. Abu ɗaya aka bar masa ya saka da hannunsa, shi ne ya ɓata: kwalbar turare mai mililita 200 a jakar hannu. Na ce masa mililita 100 ne iyaka a yawancin filayen jirgi, tun 2006 da aka bankaɗo shirin shiga jirage da ruwan haɗa bam a Ingila. Ya ce ai saura rabi a ciki. Na ce girman kwalbar suke dubawa, ba ruwansu da abin da ya rage. Ya kira amarya ya tambaye ta. Ta ce ni ke da gaskiya, sannan ya yarda.

Malam ya zo da 'yar jaka kamar mai zuwa gaisuwar maƙwabci, yana yi mana wa'azin sauƙin kaya. Can sai ga shi yana bin kowa a hankali, "ko akwai ɗan wuri a naka?" Ashe ya cusa fawa bank ɗinsa a ƙasan akwatin Dogo, wanda sai da mutum uku suka zauna a kai kafin zif ya ja. Batirin lithium kuwa ba a yarda ya bi babban kaya ba, a hannu ake riƙe shi, don in ya kama wuta ma'aikatan jirgi su gani da wuri. Muka sake zazzage komai a ƙasa.

To a cikin wannan hargitsin ne na yi dabara. Na ce bari in ɓoye fasfona a aljihun cikin akwatinka don kada ya bi kayan wani. Ango ya zauna a kai yana waya, ya maƙala kan zif a makulli, yana murza lambobin da yatsa yana murmushi. Ƙyas! Ya kulle.

Mun gwada 000. Mun gwada ƙarshen shekarar haihuwarka da ƙarshen lambar wayarka. Malam ya yi lissafi, ya ce daga 000 zuwa 999 lamba dubu ce kacal, a daƙiƙa biyu-biyu rabin awa da ɗoriya an gama. Muka raba aiki. Awa biyu muka kai 999, akwati ko gezau. Dogo ya rantse bai tsallake ko ɗaya ba tsakanin 300 da 600, alhali da idona na gan shi yana gyangyaɗi.

Abin da ya hana ni barci ma ba kullewar ba ce. Ƙasashe da yawa sai fasfo yana da sauran wata shida kafin su bar ka ka shiga, ni kuma na kasa tuna watan da nawa zai ƙare. Zuciya ɗaya ta ce baɗi ne, ɗayar ta ce nan da wata huɗu. Amsar tana nan gabana, taku biyu, a kulle.

Af, mutuniyar taka ta tambaye ka ranar nan, har sau biyu. Na ce kana lafiya, ban ƙara komai ba, ka biya ni. Tsohon maigidan hayarmu kuma ya sake fentin gidan, irin launin da ka ce yana sa ka ciwon kai. Dogo yanzu yana gaban madubi sanye da riguna uku da jaket, yana gwada ko zai iya shiga jirgi a haka ya ceci filonsa. Gumi har ƙasa.

Ka turo mini lambar nan da zarar ka farka. Dogo ya ce in aka soka bakin biro a tsakiyar zif yana darewa. Na hana shi saboda kayan aro ne, amma biron yana hannunsa tun ɗazu.

Naka har kullum,
Amininka