Wasiƙa zuwa ga aminina da ke Fatakwal

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mu nan ƙasar Ringim sai godiya. Gero ya shiga rumbu, dawa ta kusa, hunturu ya fara leƙowa. Inna tana gaishe ka, ta ce saƙo ya iso, Allah ya yi albarka.

Makon jiya na kai Baffa Kano ganin likitan ido, muka sauka gidan ɗan ƙanwarsa a wata unguwa ta hanyar Gwarzo. Da safe na fita neman mai shayi, na bi wani lungu na ɓace, ina zagayo bayan wata katangar bulo sai ga ni a bakin kurmi. Kurmi fa, a tsakiyar gidajen siminti! Bai fi gonarku ta bakin fadama girma ba. Ba ƙofa, ba allo, ba mai karɓar kuɗi, sai 'yar turbar da awaki da almajirai suka fitar. Na manta da shayin na kutsa.

Ina shiga ƙarar Adaidaita Sahu ta koma kamar daga wani gari, sai kukan kurciya da sanyin ƙasa. Ga tsamiya, ga marke, ga magarya ta kama mini riga kamar ina riƙe da bashinta. Gawo ya fara fitar da sabon ganye, ka san halinsa, sai damina ta wuce yake ado. Amma kanya ce ta tsayar da ni. Wata ƙatuwa, mutum biyu ba za su rungume ta ba, 'ya'yanta sun zubo. Na tsinci ɗaya na goge a hannun riga na sa a baki, wallahi sai na gan mu ni da kai mun gudo daga makarantar allo, aljihu cike, malam yana jiranmu da dorina.

Kada ka ɗauka aljanna ce. Leda ta maƙale a kowace ƙaya, gefe guda kuma juji ne, ba sai na faɗa maka sauran ba.

Na tarar da wani dattijo yana ɗiban sassaƙen maɗaci na magani. Na tambaye shi yadda aka yi wurin nan ya tsira daga masu yanka filaye. Ya yi dariya ya ce rigimar gado ce, magada suna kotu shekara da shekaru, ba mai ikon sayarwa, ba mai ikon sa gatari. Ka ji mai gadin wurin.

Abin ya tsaya mini a rai, don namu kurmin na bayan gari ka san yadda ya ƙare. Masu gawayi suka fara, motocin itace suka ƙarasa, kuma Kanon nan aka kai shi aka dafa tuwo. Yau ɗan ƙauye sai ya je birni zai ga kanya! Itatuwan da gwamnati ta jera mana don tare hamada, darbejiya da turare, suna tare iska kam, amma wane yaro ne zai gudo daga makaranta saboda darbejiya? Da muka bi ta Kasuwar Kurmi sayen tasbaha na ce wa Baffa nan ma daji ne a bakin Jakara kafin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya hau mulki a 1463, ya kafa kasuwa. Ya ce shi dai a nema masa inuwa ya zauna.

Na dawo da ƙwallayen kanya bakwai, na shuka su a ledar fiya wata a bayan ɗaki, na kewaye da ƙaya saboda akuyar Inna. Idan sun tsiro biyu naka ne, sai ka zo da Babbar Sallah ka nuna inda za a dasa.

Idon Baffa da sauƙi, za mu koma bayan wata guda. Ka gaishe da maiɗakinka da yara.

Naka har kullum,
amininka na gida.